Ban Rufe Baki Ba

Litinin, 4 ga Fabrairu

Ruwa tun asuba. A garin nan da an ga ruwa sai kowa ya manta tuƙi. Na isa wurin aiki a Burbank a makare, ba wanda ya lura.

Mun gama gyaran kashi na sha huɗu na shirin katun ɗinmu, Iyalin Dunmore, wanda uban gidan ya sayo buhunan abincin kare alhali ba su da kare. Gideon, mai shirin, ya ce, "Noreen, suna." Na ce "Masu Tsaron Buhu". Waɗanda suka kalli fim ɗin Masu Tsaron Duhu suna yara suka yi dariya, sauran suka jira aka yi musu bayani. Aka wuce.

Sa wa kowane kashi suna, rabona ke nan a ɗakin marubuta, ban da rubutun da kowa ke yi. A ɗauko sunan fim ko waƙar da kowa ya sani, a murɗe kalma ɗaya. Ba a ma nuna shi a cikin katun ɗin, sai wanda ya duba jadawalin talabijin, da mutanen intanet masu jera su suna faɗa kan wanne ya fi muni. A kaina abin ya faɗo don babana shagon hayar kaset ya yi, a bayan kwalaye na koyi karatu.

Laraba, 6 ga Fabrairu

Kashi na sha biyar, na Lamont ne, matashin cikin marubutanmu. Kaka Dot ta miƙe a taron majalisar gari don hana rushe gidan wankin unguwa. Dokarsu, muddin mai magana bai yi shiru ba, ba a kaɗa ƙuri'a. Ita kuwa ba ta san shiru ba. Ya yi kyau, ban gaya masa ba.

Kafin Gideon ya juyo kaina Lamont ya doki tebur ya ce, "Ban Rufe Baki Ba!"

Ɗaki ya kece da dariya. Har da Gideon, da kofi a hanci.

Mis Odessa Quill, wadda ke yin muryar Kaka Dot tun farkon shirin, ita ta yi waƙar "Ban Rufe Ƙofa Ba" tun ba a haifi rabin ɗakin nan ba. Waƙarta ɗaya ke nan da ta tashi. Har yau ana sa ta a bukukuwan aure da ɗakin jiran likitan haƙori.

Na ce ba a taɓa waƙar 'yan gida. Lamont ya ce, "Wa ya kafa dokar?" Ba wanda ya kafa. Gideon ya rubuta sunan a allo.

A wurin ajiye motoci Lamont ya ɗago mini hannu: "Na ƙwace miki sana'a, tsohuwa!" Na ce ya fara koyon yin fakin a cikin layi tukuna.

Sunan ya taɓa zo mini tuntuni. Ban faɗa ba ne.

Alhamis, 7 ga Fabrairu

Na ci tako, abincin 'yan Meziko, daga motar sayar da abinci ta Mista Ybarra. Ko ya ƙara yaji, ko ni ce na fara tsufa.

Talata, 12 ga Fabrairu

Gideon ya shigo ya rufe ƙofa da kansa, abin da ba ya yi.

Dushewar muryar Mis Odessa ba mura ba ce. Ciwon daji ne a maƙogwaro. Za a yi mata aiki cikin Maris, za a cire wurin da murya ke fita gaba ɗaya. Likitoci sun ce za ta rayu, amma ba za ta sake magana irin tamu ba. Za a ɗauki muryarta a duk abin da ya rage mata kafin lokacin. Ba za a sa wata ta yi muryar Kaka Dot ba. Kashi na sha biyar shi ne nata na ƙarshe.

Duk muka bi allon da kallo. Lamont ya tashi ya goge sunan da hannun rigarsa, ga magogi a gabansa bai gani ba. Ya fita bai dawo ba sai bayan abincin rana.

Ni dai na tuna ban biya kuɗin wuta ba. Haka kaina yake yi.

Juma'a, 15 ga Fabrairu

An sake ƙarshen labarin. Kaka Dot ta ceci gidan wankin, wani gidan rediyo a Alaska ya ji labarinta ya ɗauke ta aiki, ta hau bas ta tafi tana wa direba surutu.

Gideon ya ce, "Noreen, wannan karon ba wasa. Suna mai mutunci."

Na ce "Sai Wata Rana, Kaka Dot". Kowa ya gyaɗa kai kamar a wurin jana'iza. Tun da aka fara shirin wannan ne suna na farko da ba a sato shi daga ko'ina ba. Bai ba ni wahala ba sam.

Talata, 19 ga Fabrairu

Karatun gwaji da 'yan wasa. Mis Odessa ta zo da gyale a wuya da fulas ɗin shayi da zuma. Ta ɗauki takardarta, ta daɗe tana kallon shafin farko, sannan ta buɗe.

Ta karanta da kyau. Dariyar da aka yi mata ta yi yawa, har inda ba wurin dariya ba. Na ga ta lura.

Da za ta fita ta kama wuyan hannuna. Tana da ƙarfi. Ta ce, "Asabar, gidana, da rana. Ki zo da yunwa."

Ban taɓa zuwa gidanta ba. Ban taɓa zuwa gidan kowa na wurin aiki ba, in ban da bikin Kirsimeti na Gideon, shi ma a bakin ƙofa nake tsayawa.

Asabar, 23 ga Fabrairu

Altadena. Ƙaramin gida ruwan ɗorawa, bishiyar lemo a gaba, duk ya zube ba mai tsincewa. Ta dafa wake da burodin masara da soyayyar kaza. Ita miya kawai take iya sha. Ta zauna tana kallona ina ci.

Ta ce, "Wane fim ne 'Sai Wata Rana, Kaka Dot'? Na yi ta tunani ban gano ba."

Na ce ba fim ba ne.

"Waƙa?"

A'a.

"To sanarwar mutuwa ce."

Na ce ba haka muke nufi ba, Mis Odessa.

Ashe ta san ɗayan sunan, Lamont ya gaya mata. Ta ce, "Yaron nan mai dogon wuya ya bugo mini waya yana ba ni haƙuri. Na ce haƙurin me? Sai ya faɗa. Na yi dariya har tari ya sarƙe ni, ya ɗauka mutuwa nake yi, ya ce bari ya kira motar asibiti."

Sai ta daina dariya. Abin da na riƙe daga maganarta, don ta yi ta tsayawa tana kurɓar ruwa:

"Kin yi wa kowa. Kin yi wa matattu. Kin yi wa waccan mawaƙiyar mai hular gashi da muka yi zamani tare, har sau biyu, ta bugo mini tana fahariya. Ni kuwa duk mako in aka kawo takarda shafin farko nake fara dubawa."

Na ce mun ɗauka rashin kunya ne.

"Rashin kunya ai shi ne sana'arku. Ni kaɗai za a hana?"

Kuma: "Ba a tsokanar waƙar da aka manta, 'yar nan. Ke kin fi kowa sani."

Kuma: "In aka sa wancan suna mai hankali, duk wanda ya gani zai ce wayyo baiwar Allah. Ban hau dandamali tun ina 'yar sha bakwai don a ce mini wayyo ba."

Na ce ba ni ke yanke abin da za a sa a talabijin ba. Gideon ne, sannan tasha.

Ta ce, "Na sani. Ba ki taɓa yanke komai ba. Ci wakenki."

Ba da faɗa ta faɗa ba. Ta zuba mini sauran a roba, ta ce in dawo mata da robar, ba ta son ɓarayin roba. Ta cika mini jaka da lemo.

Lahadi, 24 ga Fabrairu

Na cinye sauran waken. Ba abin da zan iya yi. Gideon ne, sannan tasha.

Litinin, 25 ga Fabrairu

Na dai faɗa wa Gideon, don a ce na faɗa.

Ya cire tabarau ya murza ido. Ya ce ya san za ta so, shi ma yana so. Amma kafin masu zana katun ɗin a birnin Seoul su gama a nuna kashin, kowa ya san an cire mata murya. Wani zai ga sunan a jadawali, ya ɗauki hotonsa ya watsa, kafin azahar mun zama mutanen da ke yi wa tsohuwa mai ciwon daji ba'a.

"Kuma ba za ta iya fitowa ta kare mu ba, Noreen. Ba za ta iya magana ba."

Gaskiya ya faɗa. Na ce to.

Na wanke robar, tana cikin mota.

Alhamis, 28 ga Fabrairu

Ɗaukar muryarta ta ƙarshe. Ba na zuwa ɗaukar murya, ba aikina ba ne. Robar na kai mata.

Na tsaya a bayan gilashi da Gideon da Lamont da mai ɗaukar sauti. Muryar ta koma kamar ana jan buhu a kan tsakuwa, amma ba ta kuskure wurin dariya ko ɗaya ba. Dogon jawabin majalisa ta yi shi gutsure-gutsure, tana hutawa tana riƙe da teburin karatu. Gideon ya ce a bar sauran sai gobe. Ta ce, "Gobe ta likita ce, zauna."

Ta gama na hawa bas. Mai sauti ya kai hannu zai kashe, ta ɗaga masa yatsa. Ta gyara tsayuwa, ta rufe ido ta yi waƙarta. Baiti ɗaya, ba kiɗa. Inda take cewa "ban rufe ƙofa ba, ko za ka dawo", ta ce "ban rufe baki ba, ko za ka gudu". A sama muryar ta tsage, ta bi ta kai ta ƙarasa.

Ba wanda ya tafa. Lamont ya juya yana karanta takardar kashe gobara da ke jikin bango.

Ta ce, "An ɗauka?" An ɗauka. "To ku san yadda za ku yi da shi."

Sai ta fito tana tambaya wane marar tarbiyya ne ya tare mata mota. Ni ce.

Talata, 5 ga Maris

Taro da Corinne, matar da tasha ke turowa ta duba abin da zai jawo mata magana. Ba muguwa ba ce, har ta kawo biskit. Gideon ya kunna mata waƙar. Ta share ido, ta ce abin ya taɓa ta ƙwarai, za a iya sa waƙar a ƙarshen kashin. Amma sunan ya zauna yadda yake. "Ba ma son a ce muna yi mata dariya."

Gideon ya ce ya fahimta. Ya fara tattara takardu.

Sai na ji ina magana. Na ce tun da aka fara shirin nan dariya muke yi mata, don haka aka ɗauke ta, don haka take zuwa. Yau ne za mu daina don ta yi ciwo? Na ce ita ta roƙa da bakinta, bakin da saura mako ɗaya. Na ce kun yarda ta rera shi, ba ku yarda a rubuta shi ba, wato ita ta ɗauki nauyin, mu mu ɓuya a bayanta.

Corinne ta ce ta ji, amma.

Na ce to ni na daina ba da suna. A nemi wani.

Gideon ya ce, "Barazana ce wannan?"

Na ce ban sani ba. Da gaske ban sani ba. Sai na ɗauki biskit don hannuna ya sami abin yi.

Corinne ta ce za ta kai maganar sama, wurin manya.

A lif Gideon ya ce, "Na ɗauka ba abin da ya dame ki a ginin nan." Na ce suna ne kawai, ba wanda ke karanta su.

Laraba, 6 ga Maris

Shiru daga tasha.

Kashi na sha shida, wanda wani ya manta kifi a cikin firjin ofis har aka kwashe mutanen bene. Gideon ya ce, "Noreen, suna." Na ce ba ni da shi. Ya kalle ni, na kalli taga.

Suka yi ta jefawa. Lamont ya kawo guda biyar, kowanne ya fi na baya muni. Ina zargin da gangan yake yi.

Ina da shi tun jiya. Shirin 'yan sandan nan, Kisa A Hawa Na Tara. Kifi A Hawa Na Tara. Wuni na yi da shi a baki kamar alewa.

In aka sallame ni zan iya sayar da gidan in koma Fresno wurin ƙanwata. Na duba. Fresno akwai zafi.

Juma'a, 8 ga Maris

Sun yarda. Sharaɗi: Mis Odessa ta faɗa a bidiyo cewa ita ta nema, a ajiye saboda ranar da za a buƙata. Lamont ya tafi Altadena da wayarsa. Ya ce ta yi bayanin cikin jimla biyu, sauran bidiyon zagin tasha ne, sai an yanke.

Gideon ya sake rubuta sunan a allo da manyan baƙaƙe, ya juyo ya ce, "Kin ci. Yanzu ba ni kifina."

Na ba shi. Dariyar ba ta kai yadda na zata ba.

Talata, 12 ga Maris

An yi aikin. Charmaine, 'yar ƙanwarta da ta zo daga Sacramento jinya, ta turo saƙo: an fito lafiya, tana barci.

Na je na sa an wanke motata.

Lahadi, 17 ga Maris

Asibiti. Ta ƙanƙance a kan gado, bututu a wuya. Sun ba ta ƙaramin farin allo da alƙalami. Ban san me ake kawo wa wanda ba ya ci ba ya magana ba, sai na kai mata lemon gidanta, na biya na tsinko.

Ta rubuta: SUNA?

Na ce ya zauna. Ban Rufe Baki Ba. Cikin Nuwamba za a nuna.

Ta rufe ido ta daɗe. Na ɗauka barci ya ɗauke ta, na fara neman jakata. Sai ta goge ta rubuta: LAMONT YA FI KI.

Na ce sau ɗaya ya dace.

Ta rubuta: SAU ƊAYA NA DACE NI MA. YA ISA.

Charmaine ta ce kada a sa ta dariya, ɗinki.

Alhamis, 11 ga Afrilu

Charmaine ta koma wurin aikinta. Mis Odessa na da zuwa wurin mai koya mata magana da na'ura duk Alhamis da safe, ba ta iya tuƙi tukuna. Na kai ta yau, kafin su sami direba.

Hanya duka tana buga mini allo a kafaɗa: BI HAGU. KIN CIKA SANYI. WA YA BA KI LASISI.

Litinin, 11 ga Nuwamba

Na daɗe ban rubuta ba. Aiki.

Jiya aka nuna shi. Yadda Gideon ya faɗa haka aka yi: tun ranar Juma'a wani ya ga sunan a jadawali ya watsa, aka yi ta zaginmu, wata ta ce a kori wanda ya rubuta. Lamont bai ci abinci ba. Asabar tasha ta saki bidiyon, rabi suka yi shiru, rabi suka ce an tilasta mata ne. Waɗannan ba su san ta ba.

A gidanta muka kalla, ni da Lamont da Gideon da matarsa. Yanzu tana da 'yar na'urar da take dannawa a wuya, murya ta fito kamar zanzaro ya shiga gwangwani. Ta hana kowa jin komai, tana faɗin kowane layi kafin Kaka Dot ta faɗa. Da aka zo waƙar a ƙarshe ta ajiye na'urar a cinya. Ta ji ta har ta ƙare. Sannan ta ɗauka ta danna ta ce, "Na yi ƙasa a baiti na biyu." Ba baiti na biyu.

Yau gidan rediyon tsofaffin waƙoƙi sun sa ta ainihin, na ji a hanya. Mai hular gashi ta bugo mata. Mis Odessa ta ce ta bar ta ta yi ta magana, ta ɗora wayar a kan firji ta tafi ban ruwan shuka.

Mutanen intanet sun sa sunan a na uku cikin mafi muni. Lamont ya buga shafin ya manna a ƙofarsa.

Alhamis, 14 ga Nuwamba

Na kai ta na dawo da ita. Malamar ta ce ta ƙware, sau ɗaya a wata ya isa yanzu. Mis Odessa ta ce malamar ba ta san komai ba, sai Alhamis mai zuwa. Ba su sami direban ba har yanzu. Ban tambaya ko suna nema ba.

Da rana motar Lamont ta ƙi tashi, na rage masa hanya zuwa gareji. Ya shiga gaba, inda Mis Odessa ke zama, ƙafafunsa suka tokare, ya kai hannu ya tura kujerar ta yi baya.

Na ce ya mayar da ita yadda ya same ta.

Ya ce, "Haba tsohuwa, gwiwata na taɓa haɓata."

Na ce akwai kujerar baya.

Ya kalle ni, ya jawo ta gaba, bai dace da wurin ba, ya yi ta gwadawa har na ce ya yi. Ya fita ya koma baya. Bai yi tsokana ba har muka isa, abin da ya fi ba ni haushi.

Ban san me ya sa na ɗaga murya ba. Wahalar saitawa gare ta, shi ke nan.